Tambaya ta Biyar

Mijina Lemuel Thorne ya shekara shida yana zagaya garuruwan Massachusetts yana ba da labarin bautar da ya tsere wa, amma ko da wasa bai taɓa faɗin sunan gonar da aka haife shi ba. Bai ambaci ubangidansa ba, bai ambaci kogin da ya biyo ba. In ya zo kan takardar izinin tafiya, wadda ya riƙa nuna wa masu sintiri a hanya har ya tsallako Arewa, sai ya ce, "Wani mai tsoron Allah ne ya rubuta mini," ya wuce gaba abinsa.

Ni kaɗai na san sauran. Ya faɗa mini ne mako biyu bayan aurenmu, yana taya ni shanya a bayan gida, domin ni wanki da guga ne sana'ata. A can Virginia sunansa Jubal. Ubangidansa wani Kanar Merritt Sayle. Wadda ta rubuta takardar kuwa ƙanwarsa ce, Keziah, mai yi wa matar Kanar ɗinki. A sace ta koyi rubutu, tana ɗinki a lungun ɗakin da ake koyar da 'ya'yan gidan, har ta kai tana kwaikwayon hannun uwargidan yadda ita kanta ba za ta bambance ba. Ta rubuta wa wanta takarda, ita ta zauna, saboda mace ba ta da dalilin tafiya ita kaɗai a kogi.

"Tana gidan har yanzu," in ji shi. "Suna zaton wani Bature mai kwale-kwale ne ya yi. Muddin suna wannan zaton, tana da rai. Mahala, kin ji ni?"

Na ce na ji. Har haushi na ji da ya maimaita, wai ni za a koya wa riƙe magana. Ubana matuƙin jirgin ruwa ne, a nan Wexbury aka haife ni da 'yancina, ba wanda ya taɓa ɗaga mini bulala. Bauta da kunne na san ta, kuma a lokacin ina ganin wannan sanin ya isa.

A shekarar 1847 Lemuel ya ɗauko maganar makaranta. Garin yana da makarantar bulo mai bene, da murhu a kowane aji, ta 'ya'yan farare. Namu kuwa an tara su a wani tsohon ɗakin ajiye gishiri kusa da matsayar jirage, inda ruwa ke shiga in teku ta cika. 'Yarmu Lettie daga can ta kwaso tarin da ya ƙi barinta. Lemuel ya rubuta koke, ya bi gida gida yana tara sa hannu, har aka yarda za a kaɗa ƙuri'a a taron gari na watan Maris: ko a buɗe makarantar bulo ga kowane yaro, ko a bar abin yadda yake.

Daga nan ne Mista Corwin Pratt, mai jaridar garin, ya gane cewa sare mutum ya fi sare hujja sauƙi. Ya rubuta cewa wannan mutum bai taɓa yin bauta ba. Bawa ba ya magana haka, in ji shi. Wanzami ne daga Boston da masu yaƙi da bauta suka yi hayarsa. In ba haka ba, ina sunan gonar? Wane ne ubangidan? Wa ya rubuta takardar da ake ta kururutawa? Kowane mako sai ya buga tambayoyin nan uku a saman shafi da manyan baƙaƙe, ya bar fili a ƙasansu wai don amsa.

Abin ya bi gari. Na je sayen kifi, Misis Gage ta tare ni da murmushinta mai kama da na kifin da take sayarwa.

"Misis Thorne, ya mai askin namu? An ce ma shatar bulalar bayansa da fenti aka zana."

"Turo mijinki a zana masa irinta," na ce. "Kyauta ne, kuma ba ta gogewa."

Matan wurin suka yi dariya, na dawo gida ina jin na yi nasara. Amma ba a kasuwa ake ƙuri'a ba. Mutane suka fara zuwa suna neman a soke sunansu daga koken. Abin da ya fi ƙona mini rai, har cikin cocinmu, mu baƙaƙe, na fara ganin ana yi wa Lemuel kallon gefe. Sannan kwamitin yaƙi da bauta, waɗanda ke shirya masa tarurruka, suka aiko cewa ya ɗan dakata da jawabi har ƙura ta lafa. Ƙa'idarsu ce, ba sa tsaya wa labari sai da shaida a rubuce. An taɓa yaudararsu sau ɗaya, tun daga nan suka zama kamar wanda maciji ya sara.

Na same shi a kicin yana cin wake da burodin masara, hankali kwance, sai ka ce ba da shi ake ba.

"Ka ba su sunan garin kawai mana."

"Gari ya kai su gona, gona ta kai su gida."

"To zama za ka yi ana kiranka maƙaryaci?"

"An kira ni abin da ya fi wannan, kuma na amsa da 'na'am, ranka ya daɗe.' Ƙaro mini waken nan."

"Wake! Ana cin mutuncinka a jarida kai kana ta wake. Lettie fa? Ta ƙare a ɗakin gishiri ke nan?"

Ya ajiye cokali. "Ina son Lettie ta shiga makarantar nan fiye da yadda nake son numfashina. Amma ba da Keziah zan saya mata kujera ba. In mun faɗi bana, mu sake baɗi."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya ƙara tunzura ni. Mutum mai haƙuri yana da wuyar zama. Kana tafasa yana kallonka, har ka rasa inda za ka zubar da ruwan zafin.

Sakataren kwamitin shi ne Mista Asa Whitcomb, mai gyaran agogo. Ba zan zage shi ba ko yanzu da ya daɗe a ƙasa. Bature ne da ba ya shan sukari don bayi ke noman rake, ba ya sa auduga don bayi ke tsinko ta, da zafi da sanyi yana cikin ulu yana zufa. Ya taɓa tashi daga teburin masauki ya je ya ci abinci a tsaye a barga, saboda an hana Lemuel zama. A iya sanina bai taɓa yin ƙarya ba, kuma ina jin shi ya sa bai san yadda mugu ke tunani ba.

Ni ke masa wanki. Wata Talata cikin Nuwamba na kai masa kaya shago, na tarar da shi ya dafe kai da jaridar Pratt a gabansa.

"Misis Thorne, ni na yarda da mijinki," ya ce. "Amma yardata ba hujja ba ce. Da ina da abu ɗaya tak da zan riƙe."

Na ajiye kwandon. Na faɗa masa. Sunan Jubal, sunan Kanar, sunan gonar, shekarar da watan. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma ya ce, "Takardar fa? Nan ne Pratt ya fi dannawa." Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe, ga daɗin ganin fuskarsa tana washewa. Na ce ƙanwarsa ce, Keziah, kuma tana gidan.

"Ka rantse ba za ka gaya wa kowa ita ta rubuta ba," na ce.

"Ba na rantsuwa, Misis Thorne, addinina ya hana. Amma na ba ki kalmata, ba zan gaya wa kowa ba."

A zatona zai je gaban kwamiti ne ya ce, na san komai, ku yarda da ni. Iyakar abin da na hango ke nan. Ban san yadda suke aikinsu ba. Ashe in suna son tabbatar da labarin wanda ya tsere, zama suke su jera tambayoyi, ɗaya, biyu, uku, su aika wa mutanen can Kudu, har da ubangidan kansa. Dabararsu ita ce, mai bawa ba ya iya yin shiru in aka taɓo dukiyarsa. Zai amsa ko don ya yi zagi, zagin nan kuwa shi ne shaidar.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Na yi ta wanki hannuwana na tsagewa, ina lura da Mista Whitcomb yana gaishe ni da wata fara'a ta musamman, irin ta mutanen da suka haɗa sirri. Duk ranar da ya yi mini wannan fara'ar sai abinci ya ƙi shiga. Sau biyu na buɗe baki zan gaya wa Lemuel, sau biyu na ce bari dai a ga ƙarshe. Magana zarar bunu ce, na sani, amma na riƙa lallashin kaina cewa a hannun kirki na sa ta.

Ranar wata Alhamis a ƙarshen Fabrairu, da hantsi, ina guga, Lemuel na gyara ƙafar kujera, aka ƙwanƙwasa. Mista Whitcomb ne. Ya ƙi zama, ya ƙi ajiye hularsa. Ya zaro takardu biyu ya shimfiɗa a kan teburin gugata.

"Mista Thorne, an wanke ka. Ga shi da hannun mutumin. Sai dai akwai abin da... ka karanta."

Ta farko kwafin wasiƙarsa ce. Tambayoyi bakwai, a jere, da rubutu mai tsabta. Ko ka taɓa mallakar wani Jubal? Shekarunsa nawa? Wace alama ce a jikinsa? Yaushe ya bar ka? Na leƙa ta kafaɗar Lemuel, idona ya sauka kan ta biyar.

*Ko akwai wata baiwa mai suna Keziah a gidanka, kuma ko ta iya rubutu?*

Ta biyu amsar Kanar Sayle ce. Na yi zaton zagi zan gani. Ina ma zagin ne. Cikin ladabi ya rubuta, sai ka ce amsar gayyatar biki. Ya ce e, Jubal nasa ne, an haife shi a gonarsa, yana da tabon bulala da ya jawo wa kansa, kuma har gobe dukiyarsa ne. Da ya zo kan ta biyar sai ya ce:

*Wannan tambaya kam na gode maka da ita ƙwarai. Shekara shida ina zargin wani talaka mai kwale-kwale, har na sa aka kore shi daga yankin. Da wasiƙarka ta iso na sa aka bincike shimfiɗar yarinyar, aka samu alƙalami da takardu cike da rubutu irin na matata. Ni ba na dukan mata. Na sayar da ita ga wani dillali mai kai kaya gonakin rake na Louisiana, kafin Kirsimeti. Ban tambayi sunan wanda zai saya daga hannunsa ba.*

Lemuel ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake. Ƙamshin ƙuna ya tashi, ashe na bar dutsen guga a kan rigar mutane. Na ɗauke shi.

"Ban ce ita ta rubuta ba," in ji Mista Whitcomb. "Allah shaida ne ban ce ba. Tambaya kawai na yi. Ƙa'idar kwamiti ce a tabbatar da kowace gaɓa, in ba haka ba Pratt zai ce..."

"Mista Whitcomb," in ji Lemuel a hankali, "a can, in aka tambayi ko baiwa ta iya rubutu, an gama shari'a."

Mista Whitcomb ya juyo da idonsa wajena. Ban san me yake nema ba, taimako ko izini.

"Da ni kake magana," in ji Lemuel. "Ni za ka kalla."

Mutumin ya fashe da kuka, babba da shi, da furfurarsa. Ya ce zai ƙona wasiƙar, ba wanda ya gan ta sai shi, ko kwamiti bai nuna wa ba.

"Ka ƙona?" Lemuel ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirjinsa. "Da ƙanwata aka sayi takardar nan."

Kwana goma suka rage a yi taron gari. A kwanakin nan bai ɗaga mini murya ba, bai ƙi cin abincina ba, bai daina ce mini sannu da aiki ba. Ya gama gyaran kujerar. Ya rubuta wasiƙu zuwa ga duk wani fasto da matuƙin jirgi da ya sani mai alaƙa da New Orleans. Ni kuwa ina zagaya shi kamar mai tafiya a kan ƙwai, ina jiran tambayar da ta ƙi zuwa. Da ya mare ni da na ji sanyi. Na yi kuka a wurin wanki inda tururi ke ɓoye fuska, kuma ba kukan tausayin Keziah kaɗai ba ne, in faɗi gaskiya. Har da tsoron kada in rasa shi.

Ranar taron, zauren gari ya cika tun kafin azahar, warin jiƙaƙƙen ulu da taba ya game ko'ina. Mu mata aka tura mu saman bene, tunda ba mu da ƙuri'a. Da aka zo kan maganar makaranta, Pratt ya miƙe da jaridarsa a hannu.

"Kafin wanzamin Boston ya koya mana yadda za mu yi da 'ya'yanmu, ina da tambayoyi uku da har yau ba a amsa ba."

Aka yi dariya. Lemuel ya tashi, ya taka zuwa gaba ba gaggawa.

"Yau za ka samu amsarka, Mista Pratt, har da gyara."

Ya faɗi sunansa na can. Ya faɗi sunan Kanar da na gonar da na kogin. Sannan ya buɗe wasiƙar ya karanta, tun daga gaisuwa. Muryarsa ba ta girgiza ba sai da ya zo kan "ni ba na dukan mata." A nan ya tsaya, sannan ya ƙarasa. Ya miƙa wa shugaban taro takardar don a duba hatimi da tambarin gidan waya.

"Kun tambayi wa ya rubuta mini takarda," ya ce. "Sunanta Keziah. Shekara shida ban furta sunan nan a gaban mutane ba, yau ba sauran abin da zan kare. Shekarunta ashirin da shida. Doguwa ce, tana da wushirya, da hagu take ɗinki. Akwai matuƙa jirgi a ɗakin nan masu zuwa New Orleans. Ina roƙonku, in kun sauka ku tambaya."

Ya juya ya dubi layin da dattawan gari suke.

"Ba wanda ya ba ta kujera a aji. A ƙasa take zaune, da allura a hannu, tana satar baƙaƙe ɗaya ɗaya daga bakin 'ya'yan wasu. Saboda wannan aka sayar da ita. Ku kuna cewa kun fi mutanen can, kuma na yarda kun fi su, ba ku sayar da kowa. Ku dai kun sa namu a ɗakin gishiri. Ba ni da abin da zan ƙara."

Ya koma ya zauna. Pratt ya buɗe baki, wani tsohon matuƙi daga baya ya ce, "Zauna, Corwin, ka ji kunya haka nan." Aka ɗaga hannu, aka ƙirga, aka sake ƙirgawa. Koken ya wuce da ƙyar. Aka buɗe makarantar bulo ga kowa.

Zauren ya ɗauki tafi. Matan cocinmu suka rungume ni, wata na cewa, "'Yar'uwa Mahala, Allah ya wanke mijinki." Har Misis Gage ta matso ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da maganar fentin ba. Na kau da kai na wuce ta, ni da ba a taɓa rasa amsa a bakina ba. Abin da na yi ta nema tun kaka ga shi an ba ni cif, har da ƙari.

Muka fito tare. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk taɓo. Mutane na ta miƙo masa hannu, yana karɓa, har muka bar su a baya muka shiga layin masu tufka igiya inda ba kowa. Ya riƙe mini gwiwar hannu a wurin wani kududdufi, yadda ya saba. Wannan riƙon ne ya karya ni. Na tsaya cik.

"Lemuel, akwai maganar da zan faɗa maka."

"A'a."

"Ka bari in faɗa. Ba zan iya ci gaba da..."

"Mahala." Ya saki hannuna, ya juyo muka fuskanci juna. Idonsa ya yi ja, ya zama tsoho a cikin kwana goma. "Mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya. Na iya lissafi."

"To ka zage ni. Ka ce wani abu."

"In kika faɗa da bakinki, dole in ji. In na ji, dole in yi wani abu a kai, kuma ban san me zan yi ba. Tsoron abin da zan yi nake." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "An raba ni da uwata ina shekara tara. An raba ni da Keziah kafin Kirsimeti ban ma sani ba, ina nan ina cin wake. Ke kaɗai kika rage da ba wanda ya isa ya sayar. Kada ki sa in rasa ki da hannuna."

"Ni kuma in yi yaya da shi?"

"Ki riƙe. Yadda na riƙe nawa."

Ya juya ya ci gaba da tafiya. Na tsaya a cikin taɓon har ya kusa kai ƙarshen layin, sai na ga ya rage sauri, bai waiwayo ba, yana jira. Na tattare bakin siket ɗina na bi shi.

Mun yi shekara talatin da ɗaya bayan wannan rana. Ba mu samu Keziah ba. Kuma har aka rufe shi bai bar ni na faɗa ba.